Ɗinkin da Rakiya Ta Ɓata

Rakiya ta shimfiɗa jar fatar a kan cinyarta tana huda ta da ƙaramar basilla, rami bayan rami, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. In ta yi goma sai ta tsoma babban yatsa a ƙoƙon ruwa, ta murza wurin har ramukan su rufe baki. Ido ba zai gan su ba. Amma tsinin basilla, in an bi da shi a hankali, zai same su.

"Matso, Yaya. Gwada mu gani."

Idirisu ya tsuguna gabanta ya karɓi basillar. Ya girme ta da shekara uku, gemu ya fara cika masa fuska. Ya danna, ya huda sabon rami a gefen nata.

"Ba rijiya kake haƙa ba," in ji ta. "Kada ka danna. Ja tsinin bisa fatar kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa. In ya faɗa ramin za ka ji."

Ya sake gwadawa. Wannan karon tsinin ya nutse da kansa. Ya ɗago ya dube ta, har ya fara murmushi, sai ya tuna abin da suke yi, ya sunkuyar da kai.

Ta nuna masa gefen koren tauraron da ta manna a tsakiyar jar fatar. "Daga nan zuwa nan na huda maka. Ba za su sa ka ɗinke duka ba. Amma a kusurwa ka yi hankali, ramukan sun matsu da juna."

Ubansu, Alkasum, baduku ne a Birnin Zinder. Tumtum ɗinsa, matashin fatar nan da manya ke jingina da shi, fatake har Kano suke kai shi. Tun Idirisu yana ɗan shekara bakwai ya zaunar da shi a zaure ya ba shi basilla, amma idon yaron yana kan hanya, da ya tasa kuwa sai ya bi ayari. Rakiya ba wanda ya zaunar da ita. Abinci take kawowa, ta laɓe a bayan ƙofa tana kallo, ta tsince guntayen fatar da aka zubar. Ta yi aure a Zango, bai yi ƙarko ba, ta dawo ɗakin uwarta a daidai lokacin da idon tsohon ya fara dushewa. Sai ya riƙa naɗe aikin ya shiga cikin gida, ya ce wa mutanen zaure zai ɗan kishingiɗa. Ita ke ɗinkewa. Bai taɓa ce mata ta iya ba, ko sau ɗaya. Juya aikin kawai yake yi, ya shafa bayansa da yatsa, inda ake gane baduku, ya yi shiru. A kan wannan shirun ta rayu.

Da ya rasu, shekara uku ke nan, ko shawara ba a yi ba. A Birni dukanci na maza ne: buzun zaure nasu, suna a kasuwa nasu. Idirisu ya dawo ya hau buzun, ya ɗora guntuwar fata a gwiwa yana gaisawa da masu saye, aiki kuwa yana fitowa daga ɗakin baya. Ko mai koyo ba su ɗauka ba, don kada a samu baƙon ido a gida.

Da haka za a ci gaba, ba don littafin Nasara ba. A biro, ofishin Nasara, akwai littafin da aka rubuta masu sana'ar da ke yi wa bariki aiki, duk wanda sunansa ke ciki an ɗauke masa aikin dole. Aikin dole kuwa a bana hanyar Gure ce, fasa dutse da ɗaukar ƙasa a tsakiyar bazara. Mutanen Dakusa da aka kwasa bara, kowa ya ga yadda suka dawo, ya kuma san ba duka suka dawo ba. Idirisu yana fama da tari tun zamanin ayari, matarsa Sakina tana da cikin wata bakwai. Ana nan sai aka kama wani ya sayo kayan Kano ya kai biro, ya ce aikin hannunsa ne. Shekaranjiya gardi, ɗan sandan Nasara, ya bi unguwa yana shela: duk wanda ke cikin littafi ya zo ran Laraba da kayan aikinsa, ya yi a gaban mushe, wato Nasaran da ke riƙe da littafin.

Yau ce Larabar.

Inna, uwarsu, ta ɗaga labulen ɗakin ta leƙo. "Rana ta fara ɗagawa. Ke, nuna mini hannunki."

Rakiya ta miƙa mata duka biyu. Rinin karan dafi da ake yi wa fata ba ya fita daga hannu, ko da toka aka goge. Shi ya sa shekara shida ba ta rabuwa da lalle, tana rufe ja da ja.

"Ya kama," in ji Inna. "Duk da haka ki ja mayafi ki rufe. Kuma ki ji ni da kyau: kwando za ki kai, ki ajiye, ki koma gefe. Ki zama bango."

"Ni da na saba, Inna."

"Na san bakinki, shi ya sa na faɗa."

Suka shirya kwandon: basilla uku, wuƙar yanka, zaren fata, dutsen guga, goran ruwa, da fatar da aka huda. A sama ta ɗora tumtum ɗin da ta gama makon jiya, wanda ta yi wata huɗu a kansa, ta lulluɓe shi da tsohon zane. Ta ɗauka a ka.

A ƙofar gida suka haɗu da maƙwabciyarsu Kaltuma tana dawowa daga rijiya. Idonta ya tafi kai tsaye kan hannun da ke riƙe da kwando.

"A'a, amaryar kullum! Sabon lalle kuma? Yau bariki aka nufa ke nan. To, Allah ya kawo mai rabo, ko gardi ne."

"Amin, Kaltuma. In na samu biyu zan kawo miki ɗaya, ki huta da na gida."

"Ja'ira! Bakin nan shi ya koro ki daga Zango."

Suka yi dariya su biyun. Amma da Rakiya ta karya kwana sai ta ja mayafi ta rufe hannun. Ta san abin da matan unguwa ke faɗa: bazawara mai lalle ba biki ba sallah, ai an san abin da take nema. Ta gwammace su faɗi hakan da su faɗi gaskiya, domin wannan sunan ita kaɗai yake ɓatawa. Duk da haka bai taɓa daina yi mata zafi ba.

Suka bi lungunan Birni, rairayi yana cin ƙafa, shi a gaba ita a baya. Suka ratsa tsakanin manyan duwatsu, suka fita ta ƙofar ganuwa, suka haura wajen gine-ginen Nasara. Sau biyu tari ya tsayar da Idirisu, ita ma ta tsaya nesa da shi har ya lafa.

Filin biro ya cika. Maƙera a layinsu, masaƙa a nasu, dukawa kusan goma sha biyu a ƙarƙashin tsamiya, kowa ya shimfiɗa buzunsa. Gardin da ke bakin ƙofa ya nuna wa Rakiya katanga da bulalarsa.

"Ajiye masa kayan. Mata can."

Ta ajiye, ta ɗauki goran ruwan, ta koma gindin katanga inda wata tsohuwa mai fura ke zaune. Daga nan tana ganin bayan Idirisu da gefen gwiwarsa.

Sarkin Dukawa Nomau, abokin ubansu tun ƙuruciya, ya taso da sandarsa ya gaida Idirisu. "Wushe, ɗan Alkasum. Ka zo da hannun ubanka dai ko?"

"Da yardar Allah, Baba."

Tsohon bai dubi wajen katanga ba. Da sallar bara, rufin sirdin fada ya gagare shi, ya aiko da shi gidansu ya ce a ba Idirisu. Ya san ranar Idirisu yana Damagaram Takaya wurin jana'iza, ya kuma aiko aka karɓa bayan kwana uku, a gyare.

Mushe ya fito da hantsi. Saurayi ne, rana ta ƙona masa wuya ya yi ja. Tafinta Suma'ila yana biye da shi, da farar riga da jar dara. A barandar biro aka ajiye kujera, matar kumandan, babban Nasaran bariki, ta zauna tana fifita, ta zo kallo.

"Mushe ya ce ku ji," in ji Suma'ila da ƙarfi. "Ubansa mai ɗinkin takalmi ne a ƙasarsu, a cikin warin fata ya girma. Don haka kada wani ya wahalar da kansa da dabara."

Dukawa suka yi 'yar dariya. Idirisu bai yi ba.

Mushe ya bi layi yana duba abin da kowa ya kawo. Da ya iso kan tumtum ɗin sai ya tsaya. Ya tsuguna, ya bi taurarin da yatsa, kore a kan ja, baƙi a kan kore. Sannan ya kwance bakin matashin, ya zura hannu, ya juyo cikin fatar ya dubi bayan ɗinkin. Tun rasuwar ubanta ba wanda ya dubi bayan aikinta.

Ya daɗe yana kallo. Ya yi magana a hankali.

"Ya ce tun zuwansa ƙasar nan bai ga irin wannan ba," in ji Suma'ila. "Akwai babban baje koli da za su yi a Faransa. Za a kai shi can, da sunan mai shi a jiki."

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Idirisu, idonsa a ƙasa.

"To, ya ce ka nuna masa hannun."

Idirisu ya ɗauki jar fatar ya ɗora a gwiwa. Rakiya ta matse goran a ƙirjinta. Ya ja tsinin bisa fata, ya faɗa. Ya zura zare ya ja. Na biyu ya faɗa, na uku ma. Tana binsa a zuciyarta, rami bayan rami, kamar uwa tana kallon yaro yana tsallaka rafi bisa duwatsu. Mushe ya gyaɗa kai, ya matsa wurin baduku na gaba yana jiran ya dawo ya ga kusurwa.

A kusurwar ne abin ya ɓaci. Gumi ya ɗiga daga goshin Idirisu ya jiƙa fatar. Ya ja tsinin bai ji komai ba. Ya sake ja, bai ji ba. Sai ya yi abin da ta hana shi, ya danna. Basillar ta zame, ta tsaga ɗan bakin koren tauraron ya ɗago kamar farce. Daga inda take ta ga kafaɗarsa ta faɗi. Tari ya turnuƙe shi.

"Ruwa," ya ce, ba tare da ya waiwaya ba.

Ta tashi ta je ta durƙusa gefensa kamar yadda mace ke yi, ta miƙa masa goran. Ba ta yi niyyar komai ba. Yana sha, ruwa ya ɗan zuba a hannunta, sai babban yatsanta ya tafi da kansa, ya kwantar da bakin da ya ɗago, ya murza sau ɗaya, farcenta ya tsaya daidai kan ramin da yake nema. Duka bai wuce numfashi ɗaya ba.

Da ta ɗago kai, takalman mushe na tsaye a gefenta.

Ya sunkuyo ya kama wuyan hannunta. Tun da aka haife ta namiji bai taɓa riƙe mata hannu a gaban mutane ba. Har maƙera suka ajiye guduma. Ta ji kunya ta taso mata daga tafin ƙafa har fatar kai. Shi kuwa ko a jikinsa. Juya hannun yake kamar yadda ya juya tumtum, yana taɓa kantar da ke gefen manuniya, da tsagar da ke bayan ƙaramin yatsa. Yana magana da sauri, fuskarsa cike da murna kamar wanda ya gamu da ɗan garinsu.

Suma'ila ya yi gyaran murya. "Ya ce jan lalle yana rufe rini, amma ba ya rufe kanta. Ya ce irin wannan tsagar ce a yatsan ubansa, inda zare ke ci. Yana tambaya: ke kika yi tumtum ɗin can?"

Shekara shida tana jiran wani ya yi mata wannan tambayar. Ta sha raya yadda za ta zo: daga bakin wani bafatake, ko wani dattijo a zaure. Ba ta taɓa zaton daga bakin Nasara za ta fito ba, yana riƙe da hannunta a gaban mazan Birni. Amsar ta hauro mata har maƙogwaro. Kalma ɗaya ce, gajeriya.

Kafin ta buɗe baki Suma'ila ya juya ya tambayi mushe wani abu. Mushe ya saki hannunta, ya ɗaga kafaɗa, ya amsa a taƙaice. Tafintan ya matso, ya sassauta murya yadda su uku kaɗai za su ji.

"'Yar Alkasum, na tambaye shi don ki sani. Littafin nan na maza ne, masu gida. Mace ba ta da layi a ciki. In ke ce, za a rubuta a jikin tumtum aikin matan Zinder, ba suna. Yayanki kuma a soke shi. Jibi ake tashi Gure." Ya ja numfashi. "Ni abin da kika faɗa shi zan faɗa."

Ta dubi Idirisu. Goran na hannunsa. Bai dube ta ba, bai roƙe ta da ido ba. Da ya roƙe ta, da ta samu abin da za ta ji haushinsa, da ya fi mata sauƙi.

Ta sunkuyar da kai, ta sa muryar da matan kirki ke sawa a gaban alƙali.

"Ranka ya daɗe, ni mace ce, me na sani? Kantar daka ce. Tsagar kuma igiyar guga ce."

Suma'ila ya fassara. Tun bai rufe baki ba Sarkin Dukawa ya buga sandarsa a ƙasa.

"Gaskiya ta faɗa! Mace da basilla? Tun da aka kafa Damagaram ba a yi ba. Faɗa wa mushe, a nan in kaza ta fara cara, wuƙa ake nema."

Dukawa suka kwashe da dariya, dariyar da ta fi ƙarfin maganar, irin ta mutanen da kura ta wuce ƙofarsu ba ta shiga ba. Mushe bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu kan buzun Idirisu ya ɗauki guntuwar fata, da zare, da babbar basilla mai ƙotar ƙaho, ya ajiye su a ƙasa gabanta.

"Ya ce ki ɗinka masa layi ɗaya."

Basillar ubanta ce. Ƙotar ta lotsa daidai inda yatsansa ke zama, nata yatsan kuma ya ƙara lotsa wurin.

Ba ta taɓa sanin ɓata ɗinki yana da wuya haka ba. Ta dunƙule basillar a tafin hannu kamar muciya. Duk da haka ramin farko ya fito daidai, tsaf a gefen fata. Na biyu ta tilasta wa hannun ya kauce. Na uku ta kai shi nesa, na huɗu ta manna shi da na uku. Ta zura zaren a bushe ba ta jiƙa shi a baki ba, ya murɗe ya ƙulle. Ta ja da ƙarfi fatar ta tattare. Hannun yana ta neman ya gyara, tana ta hana shi, kamar mai riƙe ɗanta don a doke shi.

"Kai, ta ɗauka tuwo take tuƙawa!" wani ya ce daga layi.

"A ba ta tukunya, jama'a!"

"Sawun kaza a rairayi ya fi wannan tsari."

Ta gane muryar ta ƙarshe. Tahiru ne, wanda a bara ya kawo gafakar malaminsa da ya ɓata, ya ce Idirisu ya taimaka ya rufa masa asiri.

A ɗinki na shida ta karkatar da tsinin ta soki yatsanta da gangan. Jini ya fito, ya ɗiga a fatar. Ta ce "Wayyo!" da ƙarfi, yadda ake so mace ta ce. Dariya ta sake tashi, har gardi a bakin ƙofa.

Ba dariyar ce ta fi cin ta ba. Abin da ya ci ta shi ne ta iya. Ta iya zama abin da suka ce ita ce, ta yi shi da kyau, da basillar Alkasum, a gaban mutanen da rabinsu sun san gaskiya. Ta ajiye fatar a ƙasa ba ta iya kallonta ba.

Mushe ya ɗauka. Ya dubi gaban, ya juya ya dubi bayan. Ya tsaya a kan ramin farko, ya sa farce a kai. Sannan ya dube ta, ta gane ya sani. Ya buɗe baki, ya dubi Idirisu da ke ƙoƙarin haɗiye tari, ya dubi rana, ya rufe bakin. Ya yi wa Idirisu nuni da haɓa ya ci gaba.

Idirisu ya sa tsinin inda farcenta ya tsaya. Ya faɗa. Ya yi ɗinki uku ya zagaye kusurwar.

Mushe ya tafi teburin da ke baranda ya tsoma alƙalami. Ya rubuta a littafi, ya kuma rubuta a wata 'yar takarda mai igiya, aka ɗaura ta a kunnen tumtum ɗin.

"Idirisu ɗan Alkasum, baduku, gwani," Suma'ila ya karanta da ƙarfi. "An bar shi a littafi. Kuma ya kawo huɗu irin wannan kafin damina."

"Madalla!" in ji Sarkin Dukawa. "Ɗa ya gaji ubansa."

Rakiya na tattara kaya cikin kwando sai inuwa ta rufe ta, da ƙanshin turaren da ba ta sani ba. Matar kumandan ce ta sauko daga baranda. Ta ɗauki guntuwar fatar da yatsu biyu, ta duba, ta girgiza kai, ta dubi yatsan da ke jini ta yi magana mai taushi. Da gaske tausayi ne a fuskarta.

Suma'ila ya juya wajen Idirisu, domin shi ne mai ba da izini. "Madam ta ce abin tausayi ne a ce mace ta kai waɗannan shekaru ba ta iya riƙe allura ba. Tana tara mata a gidanta kowace Alhamis da hantsi, tana koya musu ɗinki, da baƙaƙen Nasara ga mai so. Ta ce ka turo ta."

Idirisu ya rusuna. "Mun gode. Allah ya saka."

Rakiya ta durƙusa ta yi godiya ita ma. Ta ɗora kwandon a ka. Ya yi sauƙi yanzu, tumtum ya shiga biro.

A bakin ƙofar ganuwa Sarkin Dukawa ya cim musu, yana dogara sanda. Ya yi tafiya kaɗan a gefenta, idonsa a kan hanya, kamar da iska yake magana.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar Alkasum. Kin rufa mana asiri duka." Ya yi taku biyu. "Akwai wata jakar sirdi da zan aiko wa Idirisu jibi. A ce masa ta gaggawa ce."

"Zai ji, Baba."

Tsohon ya karkata lungunsu.

Rana ta take. Rairayi ya yi zafi, lunguna sun yi shiru, kowa ya shige inuwa. A tsakanin duwatsun nan, inda hanya ta matse ba a ganin gaba ba a ganin baya, Idirisu ya tsaya. Ita ma ta tsaya, tana jiran tari. Bai yi tari ba. Juyowa ya yi, ya tako har gabanta.

"Rakiya."

"Na'am, Yaya."

"Ba sai kin je gidan madam ba. Zan ce ba ki da lafiya."

"Zan je."

"Ki koyi me?"

"Riƙe allura. Ai ka ji, ban iya ba. Da bakina na faɗa, Birni duka shaida ne."

"Don Allah, Rakiya."

"Kuma an ce akwai baƙaƙe ga mai so. Takardar nan da aka ɗaura wa tumtum, Suma'ila ne ya karanta mana. Sauran huɗun in za a ɗaura musu, ina so in karanta da idona."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Idonsa ya yi ja. "Da kin faɗi gaskiya, wallahi ba zan ga laifinki ba."

"Na sani. Inna fa? Sakina fa, da abin da ke cikinta? Su ma ba za su gani ba?"

Ya dubi yatsanta, jinin ya bushe a kan lallen. Ya dubi kwandon da ke kanta, ya miƙa hannu.

"Kawo in ɗauka."

Ta ja da baya taku ɗaya.

"Bari, Yaya. Hannun gwani ne, an rubuta. Kada kwando ya ji maka." Daga bayan dutsen aka fara jiyo muryoyin maza suna tafe suna hira. Ta gyara zaman kwandon a kanta. "Wuce gaba, ga mutane nan."

Ya tsaya da hannunsa a miƙe har muryoyin suka kawo kusa. Sannan ya sauke shi, ya wuce gaba.